Ba ɗumin ba ne abin tsoro, iskar ce

Duk lokacin da masu hasashen yanayi suka ce bazara za ta zo da ɗumi da iska mai ƙarfi, sai ka ga jama'a sun kama rabin maganar sun yar da rabi. Ɗumin ake wa murna: sanyi ya wuce, a fita da yara, a share fili a ƙone shara. Iskar kuwa ko kallo ba ta ishi kowa ba. Abin nan yana damuna matuƙa.

Ku duba yadda abin yake. Ciyawar bara ta bushe ƙayau, sabuwa ba ta tsiro ba tukuna. In laimar iska ta yi ƙasa, siririyar ciyawa cikin awa guda take rasa ɗan danshin da ya rage mata. Daga nan guntun taba ya isa, ko tartsatsin walda, ko salansar mota mai zafi da aka ajiye kan ciyawa. Iska kuma ba hura wutar kaɗai take yi ba, ɗaukar garwashi take ta jefa shi can gaba, kafin ka ɗebo ruwa wuta ta tsallake titi.

A ƙarshen Fabrairun 2024, a arewacin jihar Texas ta Amurka, turken wutar lantarki ne ya karye cikin iska. Gobarar Smokehouse Creek da ta biyo baya ta cinye fiye da eka miliyan ɗaya, ta kashe dubban shanu, ba a taɓa yin irinta a tarihin jihar ba. Ranar 14 ga Maris 2025 kuma, ƙura ce ta rufe babbar hanya a Kansas, motoci sama da 50 suka afka wa juna, mutum 8 suka rasu. Ba ruwan sama, ba ƙanƙara, iska ce kawai.

Don Allah direbobi, in ƙura ta rufe muku gaba, ku sauka daga titi gaba ɗaya, ku kashe fitilu, ku ɗauke ƙafa daga birki. Na san abin kamar ya saɓa wa hankali, amma na baya fitilarka yake bi, yana zaton tafiya kake, sai ya dake ka.

Masu yara, iska tana busar da gumi nan take, yaro ba zai ji ya galabaita ba sai jiri ya kama shi. A riƙa ba su ruwa tun ba su nema ba. In kuma wanka za su shiga, a tuna ruwan tafki bai ɗumama ba don gari ya yi ɗumi.

Roƙona, in ka buɗe hasashen yanayi a waya, kada ka tsaya kan lambar zafi. Gangara ƙasa ka ga gudun iska, musamman bugun da take yi lokaci-lokaci, ka ga laima. In iska ta haura, laima ta sauka, sharar nan ka bar ta sai ranar da gari ya lafa.