Gem ɗin da babu mai hura masa usur ɗin tashi

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ƙannena biyu, 'ya'yan ƙanwar mahaifiyarmu, suka same ni a shago a titin Beirut a Kano ɗauke da wata laftop ta hannu da suka yi karo-karo suka saya. Ba gyara suka kawo ba. "Yaya, EVE Online muke so ka ɗora mana, an ce ka taɓa bugawa." Na taɓa kuwa, shekara biyu cur. Na ɗora musu, amma na ce ba za su fita da ita ba sai sun ji ta bakina. Abin da na gaya musu a tsaitsaye, ƙarar janareta tana cinye rabin maganar, shi nake so in faɗa muku a natse, ku samarin da kuka fara gajiya da ƙwallon gidan gem kuna hangen yaƙin sararin samaniya.

Ni ba na cikin masu cewa duk wanda ya riƙe gem ya lalace. Da zan faɗi haka da kun daina karantawa tun nan, kuma da kun yi daidai. Wannan gem ɗin yana da abubuwan yabo, kuma da su zan fara, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani kamfani mai suna CCP ne a ƙasar Ayislan ya fito da shi a 2003, shekarar da Najeriya ta harba tauraron ɗan Adam ɗinta na farko. Har yau yana nan da ransa, ta intanet ake buga shi, kai da dubban mutane a duniya guda. Taurari sama da dubu bakwai ne a ciki, kowanne da duniyoyinsa, ana ratsawa daga wannan zuwa wancan ta wasu ƙofofi. Kai matuƙin kumbo ne. Ka ga dama ka yi haƙar ma'adinai, ka ga dama ka yi dako, ko ƙira, ko fatauci, ko soja, ko ma fashi. Kusan duk kumbon da ka gani yana yawo wani ɗan wasa ne ya ƙera shi da ma'adinan da wani ya haƙo, wani kuma ya yi dakonsa zuwa kasuwa. Babbar kasuwar ana ce mata Jita. Ranar da na fara shigarta sai na ga kamar Kwari ce ana jibi sallah: kowa na tallan hajarsa, farashi na hawa yana sauka a gaban idonka, ga 'yan damfara a kowane lungu. Abin ya kai a 2007 sai da kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki na gaske aiki don ya riƙa lura da wannan kasuwa.

A nan na fara sanin cewa riba ba ita ce bambancin kuɗin saye da na sayarwa ba, sai ka cire haraji da la'ada da kuɗin dako. A nan na koyi Excel, ba a makaranta ba. Turancina ma a nan ya buɗe, don dole ka ji abin da kwamandan runduna ke faɗa cikin sauri ka aikata. Ba zan ci amanar gaskiya ba, littafin lissafin shagon nan da nake riƙewa yau yana da bashin wancan gem ɗin a kansa.

Babban ƙarfinsa kuwa shi ne asara a cikinsa asara ce. A gem ɗin ƙwallo in aka ci ka biyar da nema sai ka danna a sake. A nan in aka fasa kumbonka ya tafi kenan, har da kayan da ke ciki, wanda ya fasa ka ya tsince abin da ya rage. Shi ya sa karin maganar farko da ake koya wa sabon shiga ita ce kada ka tashi kumbon da ba za ka iya jure rashinsa ba. Saboda wannan ne gabanka ke faɗuwa da gaske in ka hango abokan gaba, tafin hannunka ya yi gumi. Saboda shi ne kuma mutane ke haɗa kai, wannan yana leƙen asiri, wancan yana gyaran kumbon 'yan'uwa ana tsakiyar wuta, kowa ya san in ya yi sake wahalar wani ta wata guda za ta ƙone. Har aikin kimiyya an sa 'yan wasan sun yi: a 2017 an haɗa kai da Jami'ar Janeba suka riƙa duba bayanan hasken taurari na gaske ana neman duniyoyin da ke kewaya su.

Akwai labarin da duk ɗan EVE ya sani. A watan Janairun 2014 wata ƙungiya ba ta biya kuɗin hayar wani yanki mai suna B-R5RB a kan lokaci ba, ikon wurin ya suɓuce mata, abokan gaba suka yi ca. Aka gwabza na kusan awa 21, mutum sama da 7,500 suka shiga, aka fasa manyan kumbunan da ake kira Titan guda 75, aka ƙiyasta asarar da ta haura dala dubu 300 in da za a juya ta zuwa kuɗin gaske. Kuɗin haya fa. Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a Kano ya san abin da wannan mantuwar ke jawowa.

To amma ku sake duba wancan adadin. Awa 21. Mutane ne masu iyali da aiki da makaranta suka zauna gaban allo tun daga wannan rana har gobenta. Kuma ba sulhu ne ya raba su ba. Kamfanin ne ke kashe na'urarsa kullum na ɗan lokaci don gyare-gyare, daidai ƙarfe goma sha biyun rana agogonmu, wannan kashewar ce ta tashi yaƙin.

Kafin in kai ga abin da ya fi damuna, bari in rage muku zumuɗi. Abin da kuke gani a bidiyon talla, wuta ja da shuɗiya, kumbo na wulƙawa yana kauce wa harsashi, ba haka yaƙin yake a hannu ba. Yawanci ɗige-ɗige da jerin sunaye kake kallo. Kwamanda ya ambaci suna, ka danna a kai, ka danna maɓalli ɗaya, ka jira. In mutane suka yi yawa a wuri guda sai na'urar ta rage gudun lokaci har zuwa kashi ɗaya cikin goma, abin da za a yi a minti ɗaya ya ci minti goma. Haƙar ma'adinai kuwa, wadda da ita yawancin sababbi ke farawa, zama ne kana kallon haske yana lasar dutse. Waccan rugugin da kuke ji ma ƙari ne don daɗin kunne, a sararin samaniya babu iskar da za ta ɗauki sauti. Wannan duk mai sauƙi ne, wanda ya ga ba zai iya ba sai ya bari a satin farko, ya huta.

Wanda ya jure shi ne abin ji. Wasan ƙwallo a gidan gem minti goma ne, usur ya tashi, mai shago ya miƙo hannu, na bayanka ya ce ka ba shi wuri. Ko ba ka so, an tashe ka. EVE ba shi da usur, ba shi da ƙarshe, kuma ba ya tsayawa don ka tafi. Kana barci ana cinikin kayanka, kana aji ana kai wa tashar ƙungiyarku hari. Horon da matuƙinka ke yi ma da agogon gaske yake tafiya, wani darasin kwanaki, wani makonni, kullum akwai dalilin da zai sa ka ce bari in ɗan leƙa. Sannan ga bambancin lokaci. Ƙungiyar da na shiga yawancinsu 'yan Amurka ne. Ƙarfe takwas ɗin darensu, lokacin da suka dawo aiki suka ci abinci, a Kano ɗaya ne ko biyun dare.

Wani dare aka ce kowa ya fito, za a kare tasha. Na sa abin ji a kunne ƙarfe biyu saura. Aka yi ta jira, abokan gaba ba su zo ba sai wajen huɗu da rabi. Ana cikin ɗauki ba daɗi na ji ladanin unguwarmu, sannan na ji takun Baba a tsakar gida, ya ƙwanƙwasa ƙofata da butarsa kamar yadda ya saba. "Sallah." Na zare kunne ɗaya na ce, "Na tashi, Baba." Ban yi ƙarya ba, ai ban kwanta ba. A ɗaya kunnen wani Bature da ban taɓa ganin fuskarsa ba yana cewa kada kowa ya motsa. Umarni biyu, kunne biyu. Na bi na Baturen. Da na ɗago kai rana ta fito, masu koko sun kusa tashi. Ranar a shago na ɗora wa wayar wani bawan Allah allon da ba nata ba, na manne da gam, sai da na ɓamɓare na biya daga aljihuna. Maigidana ya daɗe yana kallon idanuna, sannan ya ce, "Kai, ko aure ka yi ba ka gaya mana ba?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma tashar da na sayar da asubata a kanta, bayan wata biyu ƙungiyar ta watse, ko sunanta ba na iya tunawa yanzu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su a 2019. Alamomin da ta lissafa ba yawan awanni ba ne kaɗai: ka kasa tsayawa lokacin da ka so, ka fifita gem a kan sauran al'amuranka, ka ci gaba duk da kana ganin ɓarnar da yake maka. Da na karanta sai na ga kamar leƙo ɗakina aka yi aka rubuta. Mu kuma tun a islamiyya an biya mana hadisin da Bukhari ya ruwaito, cewa ni'imomi biyu ne mutane da yawa ke tafka asara a cikinsu, lafiya da sararin lokaci. Ɗan shekara ashirin yana da duka biyun a aljihu, shi ya sa ba ya jin fitarsu.

Sai batun wuta da sabis, wanda waɗanda suka ƙera gem ɗin ba su san da shi ba. Na taɓa yin sati uku ina tara kaya, na loda su duka a kumbon dako guda zan kai Jita. Kwaɗayin yanke ya sa na bi ta yankin da babu 'yan sandan gem ɗin. Ina ɓullowa ta ƙofa na ga kumbunan abokan gaba uku suna jira. Ban kai ga danna komai ba aka ɗauke wuta, batirin laftop ɗin kuwa ya daɗe da mutuwa. Na fita a guje da fitilar waya a baki ina jan igiyar janareta, sau shida kafin ya tashi. Da na koma, babu kumbo babu kaya. Wanda ya fasa ni har saƙon godiya ya turo min. Abokin karawarka yana zaune inda wuta ba ta ƙiftawa, kai kana lissafin litar fetur da ragowar data. Ba a kan tabarma ɗaya kuke ba.

Kuɗi kuwa, za a ce muku kyauta ne. Tun 2016 ana iya shiga ba a biya ba, gaskiya ne, amma horonka zai yi rabin gudun na mai biya, kuma manyan kumbuna a kulle suke. Biyan wata ya kusa dala 20. Ku je Wapa ku tambayi canji, ku ninka sau goma sha biyu, ku gaya min ko bai kai jarin teburin caji da sayar da data ba. Akwai kuma wani abu da ake kira PLEX, ka saya da kuɗin gaske ka canza shi zuwa kuɗin gem. Ranar da aka fasa ka zuciya ta ɗebe ka, nan hannunka zai fara zuwa. Na san wanda kuɗin rajistar jarrabawarsa ya bi ta wannan hanya, har yau a gidansu an ɗauka a adaidaita sahu aka zare masa.

Abu guda kuma da nake so ku riƙe da kyau: a EVE damfara ba laifi ba ce a dokar wasan. Mutum zai shiga ƙungiya ya yi watanni ana raha da shi, a ba shi makullin taska, ya kwashe ya gudu, a yi ta ba da labarinsa ana jinjina masa. Wasu na cewa ai wasa ne. Ni dai na ga yadda harshena ya fara saba wa yi wa sabon shiga daɗin baki don in sayar masa da abin ɗari a kan dubu, kuma harshen nan guda ɗaya ne, shi nake zuwa da shi shago da safe. Wanda ka cuta a can mutum ne, lokacinsa na gaske ya kashe ya tara abin.

Ƙaramin cikin ƙannen nawa ya gaji da ni, ya ce, "To Yaya, mu goge kenan?" Na ce a'a. Ku buga na kyauta, ku nemi ƙungiyar 'yan Turai don yammacinsu kusan ɗaya ne da namu, ku gaya musu tun ranar farko cewa ba a ganinku bayan goman dare, wadda ta ce ba ta yarda ba ku bar mata kayanta. Sisin kwabo kada ya shiga ciki. Babban ya ce sun ji, sun yarda, har da rantsuwa. Na ce ya ajiye rantsuwarsa, ni ma na yi irinta. Na zare cajar laftop ɗin na naɗe, na ce da daddare zan biyo ta Gwammaja in damƙa ta a hannun Ummansu, a ɗakinta za ta riƙa kwana. Batirin na duba shi, ba ya wuce minti arba'in.