Fiffiken jirgin sama ya koma makarantar ungulu

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar taga kusa da fiffike ya san abin nan. Jirgi na dab da sauka sai ka ji wata ƙara, bayan fiffiken ya zazzago gaɓa-gaɓa, har kana hango ƙasa ta tsagar da ta buɗe. Ni duk sanda na ga haka sai in ce har yanzu ba mu kamo ƙafar tsuntsu ba. Shirwa in za ta kai sura, fiffikenta take murɗawa gaba ɗaya. Su kuwa waɗannan tsagogin, su ke ƙara wa jirgi hayaniya wajen sauka.

Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda ake tallar fiffike mai canza siffa kamar jiya aka gano shi. A 1899, Wilbur Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu da suka fara tashi da jirgin sama mai inji, yana shagon kekunansu a garin Dayton na Amurka ya murɗa wani dogon kwalin tiyub ɗin keke da hannu, bayan ya daɗe yana kallon yadda ungulaye ke karkata bakin fiffikensu. Jirginsu na 1903 da wayoyi ake murɗa masa fiffike. Da jirage suka ƙara gudu aka koma fiffike mai tauri, sai aka yanka masa gaɓoɓi masu motsi, aka bar murɗawar.

Sojoji sun gwada tasu. Jirgin yaƙi na F-14 yana iya lanƙwashe fikafikansa baya daga digiri 20 zuwa 68, amma ƙarfen da ke riƙe su nauyi ne da shi, ga cin kuɗin gyara. A 2006 sojan ruwan Amurka suka ajiye shi.

Gwajin da ya fi burge ni na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ne da kamfanin FlexSys, wanda aka fara a 2014 da jirgin Gulfstream III. Suka cire gaɓoɓin bayan fiffiken, suka saka wanda ke lanƙwasa har digiri 30 ba tare da ya tsage ba, sumul. Ya tashi, ya sauka lafiya.

To, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A ganina ƙirƙira ba ita ce matsalar ba, makaniki ne zai yanke hukunci. Gaɓar ƙarfe in ta ci, zai haska tocila ya gani, ya kwance ya sauya. Abin da ke lanƙwasa a cikin fatar fiffike fa, wanda ya sha ranar filin jirgi da rana tsaka, bayan rabin awa ya shiga sanyin da ya kai digiri 50 ƙasa da sifiri, sau dubbai? Ta ina zai gane ya gaji? Kamfanin jirage ba zai saya ba sai an amsa wannan, kuma ban ga laifinsa ba.

Shi ya sa nake ganin da kaɗan-kaɗan abin zai shigo, irin na Boeing 777X. Faɗin fikafikansa mita 71.8 ne a sama, in ya sauka ya naɗe bakinsu ya koma 64.8 don ya samu wurin tsayawa. A ƙasa kawai yake naɗewa, ka ji iyakar wayon. Duk da haka tun Janairun 2020 ya fara tashin gwaji, shekaru suka yi ta shuɗewa ana jiran takardar izinin ɗaukar fasinja.