Yadda Na Yi Wa'azin Binne Waya, Sannan Na Tono Tawa da Shebur

Tun da na tare da iyalina a birnin Austin na jihar Texas a ƙarshen shekarar 2021, na ɗauki wata mummunar ɗabi'a da ban san ina da ita ba, wato yi wa mutanen gida gorin wutar lantarki. Duk lokacin da muke hirar bidiyo da ƙanina da ke Kano, fuskarsa ta ɓace cikin duhu saboda an ɗauke wuta, sai in gyara zama in fara yi masa bayani da muryar wanda ya ga duniya cewa a nan inda muke wuta ko ƙiftawa ba ta yi. Shi kuwa sai ya kunna tocilar wayarsa ya haska fuskarsa daga ƙasan haɓa kamar fatalwa, ya ce, "To, Yaya, Allah ya sa mu ma mu dace." Maƙwabcina, wani dattijo Ba'amurke da ya yi ritaya daga aikin injiniya, ya taɓa ba ni labarin sanyin watan Fabrairun 2021, lokacin da gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan huɗu suka rasa wuta a jihar, mutane sama da 200 kuma suka rasa rayukansu. Na jajanta masa ƙwarai, amma a zuciyata na ajiye labarin a sahun abubuwan da suke faruwa da wasu mutane kafin zuwana.

A ƙarshen Janairun 2023 aka fara shelar cewa guguwar sanyi tana tafe. Ni da yara muka yi ta murna, domin mun zaci za mu ga dusar ƙanƙara irin ta hoto, fara fat, mai laushi kamar auduga. Abin da ya sauko daban ne. Yayyafi ne na yau da kullum, sai dai da zarar ɗigo ya taɓa wani abu sai ya daskare a kansa, wani ya zo ya daskare a kan na farko, har aka wayi garin Laraba, 1 ga Fabrairu, kowane reshe da kowace waya da kowane ganye yana sanye da rigar gilashi mai kaurin wajen rabin inci. Garin cike yake da wani irin itace mai faɗin rassa kamar gamji, wanda ba ya zubar da ganyensa lokacin sanyi, saboda haka kowane ganye ya zama faranti mai ɗaukar nasa rabon ƙanƙara. Tun cikin dare muke jin rassa suna karyewa, ƙas, ƙas, kamar ana harbin bindigar mafarauta. Ina tsaye a bakin taga ina ɗaukar hoton da zan tura wa ƙanina don ya ga ikon Allah, sai wani reshe mai kaurin cinyar raƙumi ya faɗo a kan wayoyin da ke bayan gidanmu, wani koren haske ya walƙata daga wajen taransifoma, firji ya yi ajiyar zuciya ya yi shiru.

Na ce wa uwargida ta kwantar da hankalinta, nan Amurka ce, minti biyar ya yi yawa. Ta dube ni ta ce, "Baban yara, a gida ma haka kake cewa."

Kwana huɗu muka yi. A cikin kwanakin nan ne na gano cewa duk ilimin zama da duhu da na tara a shekarun da na yi a Kano ya zube daga jikina cikin wata goma sha huɗu kacal. Ba ni da janareta, ba ni da tocila, ba ni da ko kyandir, sai wani guda ɗaya mai ƙamshin lemo da aka ba mu kyauta, wanda haskensa bai kai ƙamshinsa ba. Murhunmu na lantarki ne, abin ɗumama gida na lantarki ne, kai har ƙofar garejin da motata take ciki da lantarki take buɗewa. Na yi kusan awa guda ina danna maɓalli ina karanta duk addu'ar da na sani, kafin dattijon nan ya leƙo, ya miƙa hannu ya ja wata jar igiya da take reto a saman kaina tun ranar da na shiga gidan, ya ɗaga ƙofar da hannu ɗaya. Da na kai masa kukan cewa naman da ke cikin firji zai lalace, sai ya nuna mini tsakar gida ya ce duk garin ya zama firji, in fitar da shi waje kawai. Abu ɗaya ne na tuna daga gida, shi ne kaskon wuta irin na hunturu, har na ɗauko gawayin gashin nama zan hura a falo. Nan dattijon ya daina murmushi, ya ƙwace buhun daga hannuna, ya gaya mini cewa gidajensu a toshe suke ruf ba kamar ɗakunanmu masu shan iska ba, kuma hayaƙin gawayi mara launi mara wari yana cikin abin da ya kashe mutane a sanyin 2021. Na mayar da gawayin waje jikina a sanyaye, muka koma ga garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, muna ci cikin bargo uku.

Rashin intanet ne ya fi tona mini asiri, domin daga gida nake aiki da kwamfuta. Na'urar intanet ɗin gida ta mutu tare da wuta, sabis ɗin waya kuma ya zama kamar rijiyar rani, kowa na unguwa ya zura gugarsa lokaci guda. A Kano da ƙafa zan taka zuwa wurin mai caji in ba shi 'yan canji ya ba ni lamba, amma a wannan birni da ake taƙama da shi wajen kamfanonin fasaha babu mai caji ko ɗaya. A rana ta biyu na ji labarin cewa akwai wuta a masallacin da muke zuwa, sai imanina ya ƙaru nan take. Na isa tun kafin azahar da wayoyi uku da kwamfuta da abin wasan yara a cikin jaka, na tarar ashe ba ni kaɗai na shiryu ba, domin kowane soket da ke jikin bango yana da mai i'itikafi a gabansa. Liman ya dube mu bayan sallah ya ce ya yi farin cikin ganin sababbin fuskoki, yana kuma fatan za mu ci gaba da zuwa bayan an gyara wayoyi. A can ne saƙon ƙanina ya shigo. Ya ga labarin a Facebook, ya turo mini hoton kansa zaune a ƙarƙashin ƙwan fitila mai haske, fanka tana juyawa a bayansa, ya rubuta, "Yaya, sannunku da haƙuri. Mu tun jiya ba a ɗauke ba."

Ina jin wannan hoton ne ya mai da ni ɗan gwagwarmaya. Da wuta ta dawo na zauna na yi bincike na dare biyu, na fito da cikakken ra'ayi cewa duk abin da ya same mu laifin wayoyin da aka shanya a sama ne kamar igiyar shanya, alhali ƙasa tana nan a shimfiɗe babu mai amfani da cikinta. Na karanta cewa a Holan kusan duk wayoyin da ke shiga unguwanni a ƙarƙashin ƙasa suke, Jamus ma ta binne mafi yawan nata, kuma wani kamfanin wuta a Kalifoniya ya sanar a 2021 cewa zai binne wayoyi masu tsawon mil 10,000 saboda gobarar daji. Na haddace waɗannan kamar karatun allo. Duk wanda ya gaishe ni sai ya sha wa'azin binne waya, daga mai kawo wasiƙa har ɗan sakandaren da ya zo neman aikin kwashe rassa.

Da aka kira taron mazauna unguwa, na sa babbar riga da hula don maganata ta yi nauyi, na miƙe na yi jawabi na minti goma sha biyar, na rufe da tambayar ko akwai wanda ya taɓa ganin reshe ya faɗo a ƙarƙashin ƙasa. An tafa mini sosai. Sai dattijon nan ya ɗaga hannu a hankali, ya ce shi ma yana son a binne, amma yana da 'yan tambayoyi. Ya ce binne waya yana cin kuɗi ninkin baninkin na kafa falwaya, kuma a takardar kuɗin wutarmu za a cire shi. Ya ce yammacin birnin a kan farin dutse yake zaune, wanda ba a tona shi sai da injin yanka dutse, ga kuma bututun ruwa da na gas da saiwoyin itatuwan da mutanen gari suke ƙauna kamar 'ya'yansu. Ya ce wayar da ke sama idan ta tsinke kowa yana ganinta daga titi, amma ta ƙasa sai an bi ta da na'ura an nemo inda ta lalace sannan a haƙa, kuma ambaliya tana shiga akwatunanta. Abin da ya fi karya mini gwiwa shi ne da ya ce a 2021 ko da an binne kowace waya a jihar da ba ta hana duhu ba, domin tashoshin samar da wutar ne da rijiyoyin gas suka daskare, babu abin da za a turo ta cikin wayar tun farko. Daga baya binciken da birnin ya sa aka yi ya ƙiyasta aikin binne wayoyin birnin a kan dala biliyan 50, adadin da har yau ban yi ƙarfin halin juya shi zuwa naira ba. A wurin taron dai ban sare ba, na ce masa komai tsadar magani ya fi ciwo arha, na zauna ina gyara wuyan riga.

Da bazara ta shigo a watan Afrilu, sai na yanke shawarar dasa zogale a gefen katanga, inda guguwar ta bar mana fili. Na sayo shebur sabo fil. Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban yara, dattijon nan fa ya ce a ƙasar nan ba a tona rami sai an buga lambar waya 811 kwanakin aiki biyu kafin nan, ma'aikatan kamfanoni su zo kyauta su kafa tutoci a inda aka binne abubuwa." Na san da zancen tutocin, har launukansu na sani saboda bincikena na dare biyu: ja na wutar lantarki, ruwan ɗorawa na gas, shuɗi na ruwan sha, ruwan lemo na waya da intanet. Amma na ce mata ni jikan manoma ne, kakana ya yi noma shekara sittin bai taɓa neman izinin kowa ta wayar tarho ba, ba kuwa a kan ramin zogale za a fara da ni ba.

A sara na huɗu shebur ya ci karo da wani abu baƙi siriri, ko taƙi ɗaya bai kai ba daga saman ƙasa. Na ce saiwa ce. Na ja da baya, na tofa yawu a tafin hannu kamar yadda na ga ana yi a gonar kakana, na ɗaga shebur na sauke da duk ƙarfina, saiwar ta rabu biyu tsaf. Har na fara jin daɗin kaifin shebur ɗin, sai na ji muryoyin yara daga cikin gida a tare, kamar 'yan makarantar allo suna biya karatu: "Baba, intanet ya tafi!" Na durƙusa na ɗago bakin saiwar, sai na ga roba ce, a tsakiyarta kuma wani zare mai ƙyalli kamar gashin doki. Ashe duk watannin da na yi ina yawon wa'azi, wayar intanet ɗin gidana, daga falwaya zuwa bango, a binne take tun kafin in zo, kuma guguwar da ta karya itatuwan gari ba ta ko taɓa ta ba.

Ranar Asabar ce, sai Talata ma'aikacin kamfanin ya zo, na sake yin kwana uku ina sallah a sahun da ke kusa da soket. Ya dubi ramin, ya dubi shebur, ya tambaye ni ko na buga 811, na ce masa ina cikin shirin bugawa ne abin ya faru. Ya ce masu binnewa ƙungiya ce daban kuma layinsu da tsawo, don haka zai ja mini ta wucin gadi. Ya warware wata doguwar waya mai ruwan lemo, ya shimfiɗa ta a kan ciyawa, ya ɗora ta bisa katanga, da ta zo wajen ƙofar baya kuma ya rataye ta a reshen itacen da ya rage don kada yara su yi tuntuɓe. Dattijon yana tsaye a ɗaya gefen katangar da kofin shayinsa, ya bi wayar da kallo tun daga ƙasa har reshe, ya ce a jerin matsalolin da ya lissafa a taro ya manta da guda ɗaya, sannan ya tambaye ni ko zan yi jawabi a taron wata mai zuwa.

Mako biyar wayar ta yi a rataye. Uwargida ta aika wa ƙanina hotonta ba tare da ta shawarce ni ba, ta kuma ɗauke shebur ɗin ta ba dattijon ajiya. Zogalen yana nan a cikin bokitin fenti a bakin taga, ya kusa kai mini ƙugu.