Farfesa da Taken Titan

BAKANO: Farfesa, matsa! Layin nan a kanka yake, matsa mana!

FARFESA: Kar ka katse ni, ana canjin kiɗa.

Titan, dodon dutse na wasan Final Fantasy XIV, ya naushi ƙasa, dukansa mai suna Landslide ya kwashi Farfesa ya wurga shi bayan dandamali. Hila ɗaya, wato mai ba da magani, ya rage wa mutum bakwai, kafin minti guda kowa ya kwanta. Shagon gem ɗin Alhaji da ke Bauchi Road ya yi tsit, sai ƙugin janareta a bayan taga.

BAKANO: Wallahi tallahi Bazazzagin nan zai kashe ni da raina. Kai ne mai ba mu magani, kai ne kuma gawar farko kullum.

FARFESA: Ai ba mutuwa na yi ba, sauraro nake. Kai ɗan kasuwa me ka sani? Faɗan nan kiɗa biyar ne a jere, kowane mataki da nasa. Masayoshi Soken ne ya tsara su, a 2013, lokacin da Square Enix suka rushe Final Fantasy XIV na farko suka sake gina shi. Na farko a hankali yake tafiya. Titan ya yi tsalle ya diro, dandamali ya ragu, kiɗa ya ƙara nauyi. Ya sake tsalle, ya sake ƙaruwa. Na huɗu na lokacin da zuciyarsa ta fito ne. Na biyar...

Sai ya dafe ƙirji ya lumshe ido. Farfesa dai kun san shi, shekara ta bakwai ke nan yana aji uku, yajin aiki ya ci rabi, shi ya ci sauran.

ƊANLITI: Yaya Farfesa, na biyar ɗin ai sai an kashe zuciyar ake jinsa. In ba a kashe ta a kan lokaci ba, Earthen Fury yake saki, kowa ya mutu. Ɗazu da muka kai wurin, ko dutse ɗaya ba ka jefa mata ba.

FARFESA: In na jefa ta mutu da wuri. In ta mutu da wuri an yanke kiɗa na huɗu a tsakiya. Kai ana yi maka magana a katse, daɗi kake ji?

ƊANLITI: Kuma da ya kulle Bakano cikin kurkukun dutse, kowa ya juya yana fasa shi, kai kana kaɗa kai.

FARFESA: Ai ya fi amfani a ciki. Ya yi shiru.

ALHAJI: Ni fa ban gane ba. Dodon nan kashe shi ake yi ko raino? Tun la'asar injina ke shan mai. Kun san nawa lita yau?

BAKANO: Ranka ya daɗe, da ya yarda mun shiga da cikakken ƙarfinmu, ba tare da an dawo da mu mataki na 50 ba, da ko shayi bai huce ba mun gama.

FARFESA: A'uzubillahi! Ka shiga da kayan mataki na 100 ka mari Titan sau biyu ya faɗi? Me ka ji? Gabatarwa kawai. Shi ya sa na ce a bar wasan ya daidaita mu, mutum takwas cif, tanki biyu masu tare duka, hila biyu, masu duka huɗu, yadda aka yi shi tun asali.

ƊANLITI: To ƙarin ƙarfin da wasan ke bayarwa in an sha kaye fa? Kashi 10 duk faɗuwa, har ya kai 50. Na ga naka ya ɓace.

FARFESA: Na cire shi. Sadaka ce, ba na karɓa. Kuma yana gajarta waƙa.

Sauran biyar ɗin da na'ura ta haɗa su da su Turawa ne, tunda babu sabar wasan a Afirka, a ta Turai da ke Jamus ake fakewa. Wani daga cikinsu ya fara rubutu a akwatin hira, da manyan baƙaƙe.

ALHAJI: Me Baturen ke cewa?

FARFESA: Yaba mini yake.

ƊANLITI: Cewa ya yi saura faɗuwa ɗaya su kaɗa ƙuri'ar korarka.

FARFESA: Hassada har Jamus. To ku ji, laifin netwok ne. A allona na fita daga layin sarai.

ƊANLITI: Wannan kam akwai gaskiya, amma rabi. Saƙo daga Jos zuwa Jamus ya dawo yakan haura milisakan 100, in sabis ya yi halinsa ya ninka. Sabar ba ta duba lokacin da dutse ya faɗo, tana duba inda kake a daidai lokacin da alamar ruwan lemo ta ɓace daga ƙasa. Kai a nan ka ga ka fita, ita a can ta ga ƙafarka a ciki. Maganinsa da ka ga alama ka gudu nan take, kar ka tsaya ƙarasa sihirin da ka fara. Amma kai Yaya ba makara kake yi ba, idonka a rufe yake.

FARFESA: Kunne ba ya aiki sosai in ido na buɗe. Kimiyya ce.

Ɗanliti ya miƙa hannu ya buɗe saitin sauti na kwamfutar Farfesa, ya yi salati.

ƊANLITI: Kiɗa 100. Ƙarar duka sifili. Muryoyi sifili. Sautin sanarwa sifili. Yaya, ta yaya za ka ji ƙirgen fara faɗa? Ta yaya za ka ji tambayar ko kowa ya shirya? Ka bar kiɗa wajen 70, ƙarar duka 40 ko 50, sanarwa kuma kar ka taɓa ta. Kuma wannan hedifon mara waya da ka zo da shi, Bluetooth na ƙara jinkiri kusan milisakan 200. Ganga na isowa kunnenka bayan ka riga ka mutu. Ga na shago mai waya, ka sa.

FARFESA: Na shago? Wanda kunne ɗari suka sa?

ALHAJI: Haya ne. Naira 100.

Ana cikin haka Baba Sarkin Kiɗa ya shigo da 'yar wayarsa da caja, tunda unguwarsu kwana uku ke nan ba su ga wuta ba, takardar biya ce kawai ba ta fashi. Ya zauna a benci ya gyara rawani saboda sanyin Jos.

BABA: Yara, wa ake yi wa kiɗa ne?

ƊANLITI: Dodo ne, Baba. Kowane babban dodo a wasan nan da kiɗansa. Da ka ji shi ka san wanda ya fito.

BABA: Au, take ke nan. Ai mu muka san wannan. A filin dambe kowane ɗan dambe da takensa, da kalangu ya faɗa sai ka ga tsikar jikinsa ta tashi tun bai naɗa zare ba. In turmi ya yi zafi makaɗi ya ƙara wuta, in an yi kisa ya juya kiɗa.

FARFESA: Baba, da girmanka, wannan wani ilimi ne daban. Mutanen Guinness da kansu suka ba wasan nan shaida a 2017, kiɗa 384 na ƙashin kansa, babu gem ɗin da ya kai shi a lokacin. Akwai Shiva, dodon ƙanƙara, kiɗanta na farko sanyi kamar asubar Disamba, tana sakin Diamond Dust sai ya juye ya koma jita da muryar mace. Faɗan a rubuce yake daki-daki, shi ya sa wanda ya haddace waƙa yakan san abin da ke tafe kafin ya zo.

BABA: To ai abin da na faɗa ke nan.

FARFESA: Eh, amma ni da hujja na faɗa.

BAKANO: Ni duk ba wannan ba. Takardar kiɗan nake so. In ta faɗo a kai wa mai haɗa magani ya sabunta ta, a sa a akwatin kiɗa na gida, ko a kai kasuwar wasan a sayar. Ni sayarwa zan yi. Kano ko da me ka zo an fi ka.

ƊANLITI: Malam, takardar ai a Extreme take faɗowa, faɗan da ya fi wannan wuya. Wannan Hard muke.

BAKANO: Me ka ce?

ƊANLITI: A nan ba ta faɗowa ko shekara za mu yi.

BAKANO: Inna lillahi! Na rufe shago a Terminus, na sha wuya kafin katin banki ya yarda ya biya kuɗin wata, datar da na sa jiya ta tafi kamar an yi mata kiranye, ashe rakiyar kunnen Bazazzagi na zo?

FARFESA: Ka zo neman ilimi ba ka sani ba. Kai da za ka sayar da waƙar mutumin da ya yi aiki a gadon asibiti! A 2020 Soken yana jinyar kansa, daga can ya haɗa kiɗan faɗan ƙarshe na labarin Shadowbringers, mafi yawan abokan aikinsa ma ba su sani ba. Sai a bikin masoya wasan na Mayun 2021 ya faɗa da bakinsa, daraktan wasan Naoki Yoshida na tsaye gefensa yana hawaye.

Farfesa ya ciro hankici. Shago ya yi jugum, har Bakano ya sauke murya.

ALHAJI: Allah sarki. Allah ya ƙara masa lafiya. Shi yana kwance yana aiki, kai kana zaune lafiya lau ka kasa matsawa taku biyu. Saura rabin lita, in za ku kashe abin nan ku kashe.

Aka koma. Farfesa ya sa hedifon shago yana yatsina, ya yi alkawarin buɗe ido ɗaya. Ɗanliti ya riƙe Titan ya juya fuskarsa waje, don Mountain Buster ta tsaya a kansa shi kaɗai. Da'irori suka fito ƙarƙashin ƙafafu, kowa ya watse. Duwatsu masu fashewa suka zubo, aka lura da wanda ya fara sauka, aka jira ya fashe aka koma gurbinsa. Zuciya ta fito.

BAKANO: Daka! Farfesa, don girman iyayenka, daka!

FARFESA: Saura baiti ɗaya...

BABA: Kai yaro, makaɗi ba ya hana kisa. Daka!

Ya daka, yana ba Soken haƙuri a hankali. Zuciya ta fashe, Earthen Fury ta zo ta wuce, kowa na tsaye. Farfesa ya miƙe zumbur ya ɗaga hannu sama, kujera ta kife.

FARFESA: Ga shi nan! Under the Weight! Ku ji gangar ƙasa! Dum, dum, dum-dum! Ku ji yadda take ɗan tsallake bugu ɗaya ta dawo, wannan da gangan ne, numfashin dutse ne yake kwaikwayo. Jahili ba zai kama wannan ba. Sai mai kunne.

Ɗanliti ya zare kunne ɗaya na nasa ya miƙa wa Baba, idonsa na kan allo. Baba ya saurara, ya ɓata fuska.

BABA: Wannan mawaƙin shaƙe shi ake yi? Amma makaɗin ya iya, ba ya tsallake komai. Bugunsa daidai yake kamar agogo.

FARFESA: Baba, kunnenka ya tsufa. Ga tsallaken nan, ga shi kuma! Har da wata 'yar ƙara siririya a sama, kamar ƙarfe na kaɗawa.

Titan ya durƙusa ya faɗi. Turawa suka rubuta gaisuwa suka fice da sauri, ba wanda ya ba Farfesa yabo ko ɗaya. Ɗanliti ya juyo zai yi magana, sai ya ga wayar hedifon Farfesa tana lilo a gefen gwiwarsa. Kwamfutocin shagon kuwa ba su da lasifika, Alhaji ya ce lasifika shan wuta take.

ƊANLITI: Yaya, tun da ka miƙe wayarka ta fita daga rami.

FARFESA: Wace waya?

ƊANLITI: Wannan. Ba abin da ke shiga kunnenka tun Earthen Fury.

Kowa ya yi shiru. Daga bayan taga janareta na ta dum, dum, dum-dum, yana tsallake ɗaya saboda fulogin da Alhaji ya ƙi canzawa tun azumi, murfin tankinsa na kaɗawa a sama.

BAKANO: Numfashin dutse! Wayyo cikina! Zage-zagi, Allah ya bar mu da ku!

FARFESA: Ku tsaya. Wannan ma hujja ce a kaina. Kunnen da ya horu yana ganin tsari a inda jahili ke jin hayaniya. Kuma in ka lura, injin nan da kiɗan a ma'auni ɗaya suke tafiya. Da Soken zai zo Jos...

BABA: Da ya ce a canza fulogi.

ALHAJI: Ba za a canza ba. Farfesa, ka ce injina kiɗa yake yi?

FARFESA: A fannin ilimi, eh.

ALHAJI: Madalla. Ɗanliti, rubuta masa. Awa uku na gem, hayar hedifon 100, kuɗin sauraron inji 200.