Alkawarin Glasgow ya manta da lakar Jakara

Tun 2021 Najeriya ta shiga alkawarin da ƙasashe suka ɗauka a Glasgow na rage iskar mitan, mai ɗumama yanayi, a duniya da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Amma har yau in an tashi zancen, ƙona gas a Neja Delta ake kallo, sai a ɗan taɓa shanu. Ruwan da muka tare da hannunmu a madatsu kuwa, an yanke masa hukuncin tsarki tun kafin a auna shi.

To, a je Wasai a dubi madatsar Jakara. Kwatamin cikin birnin Kano, da jini da tumbin mayanka, da dagwalon masana'antun Bompai da rafin Getsi ke kwasowa, duk can suke ƙarewa. A Kadawa da kwarin Hadeja kuma, rarar yuriya da NPK ce ke bin magudana. Wannan duk taki ne, ruwa ya ci ya ƙoshi, gansakuka da kainuwa da kacala su yi ta bunƙasa. In sun mutu sai su nutse. Ƙwayoyin da ke ruɓar da su su shanye iskar shaƙa ta ƙasan ruwan, kifi ya taso da ciki sama, lakar kuma ta fara haifar mitan. Inda ba zurfi, kumfar mitan ɗin kan fito kai tsaye ba ta samu abin da zai cinye ta a hanya ba. Zafi na hanzarta aikin, janye ruwa don noman rani kuma na sassauta nauyin da ya danne kumfar.

Masu cewa ai gansakuka na zuƙe iskar kabon mai ɗumama yanayi, rabin lissafi suka yi. Wani kaso na abin da ta zuƙa yana dawowa a matsayin mitan, wadda ɗumamarta ta ninka ta kabon kusan sau 28 cikin shekara ɗari.

Abin haushin shi ne kwangilar yanke ciyawa. A yanke, a jibge a gaɓa, ruwan sama ya mayar da takin inda ya fito. Wannan ai ɗiban ruwa ne da kwando. Fosfaras, sinadarin takin da ya kwanta a laka, shi ma yakan sake tasowa da zarar iskar shaƙa ta ƙare, shi ya sa tafki ke shekaru bai warke ba.

A tace kwatami kafin ya isa rafi. A binne yuriya maimakon watsawa gab da hadari. Ciyawar da aka yanke a kwashe ta zuwa gona. Kafin a aza tubalin wata sabuwar madatsa, a kai na'urar awon mitan Wasai cikin Afrilu.