An dakatar da malama, waya ta ci gaba da darasi

To, barkanmu da nasara. An dakatar da malamar. Masu turo saƙon murya na minti tara-tara a guruf ɗin iyaye, sai ku je ku yi barci har da minshari, kun ceto tarbiyya. Yarinya 'yar shekara 11 ta ga jini a siket ɗinta ana tsakiyar darasi, ta fashe da kuka tana cewa wani abu ya yanke ta, malama ta fitar da maza waje, ta turo ƙofa, ta zauna da 'yan matan ta yi musu bayanin haila, ta ciro audugar mata daga jakarta ta nuna musu yadda ake sakawa. Laifin ke nan fa. Takardar da aka ba ta cewa ta yi wai ta wuce iyakar manhaja, domin ƙa'idar makaranta kamewa kaɗai ta yarda a koyar.

Kamewa daga me? Daga haila?

'Yata a ajin take, don haka kada wani ya ce min labari na ji. Ranar da abin ya faru ta dawo ta ajiye jaka, ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki tana murza gefen hijabinta, ta ce, "Umma, ashe ba ciwo ba ne?" Na ce mata ba ciwo ba ne. Ta yi shiru, can ta ƙara matsowa ta rage murya ta ce, "Umma, wai da gaske in mace ta fara, ko hannunta namiji ya riƙe ciki zai shiga?" Na tambaye ta wa ya faɗa mata. Ta ce wata ƙawarta, ita kuma a wayar yayanta ta gani. Wallahi jikina sanyi ya yi. Ni da nake ganin ina sa ido, ni da nake ta cewa sai ta ƙara girma zan zaunar da ita, ashe tuni an riga ni, kuma wanda ya riga ni ɗin ƙarya ya shirga mata.

Abin da nake ta faɗa tun a taron iyaye da malamai, har wani bawan Allah ya ce "Hajiya, ki ji tsoron Allah", shi zan maimaita a nan. "Kar ki yi" ba darasi ba ne. Ba za ka ce wa yaro ya guji rami ba alhali ka ƙi nuna masa inda ramin yake, kuma in ya tambaya ka ce ba shi da kunya. Ni ma kamewa nake so wa 'yata, fiye da yadda kuke tsammani. Amma yarinyar da ba ta san yadda ciki yake shiga ba, ba ta san wace taɓawa ce ba ta dace ba, ba ta san sunan abin da za ta kai ƙara a kai ba, wannan ba kamammiya ba ce, a duhu kawai aka bar ta. Kuma mai neman lalata yara ya fi kowa son irin wannan yarinyar.

Da aka ce koyar da kamewa kaɗai, wasu sun ɗauka wata sabuwar hikima ce. An gwada, an kashe kuɗi, an auna. A Amurka, a 1996, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ware dala miliyan 50 duk shekara domin jihohi su koyar da kamewa har zuwa aure, da sharaɗin kada a haɗa da koyar da amfani da hanyoyin kariya. Majalisarsu da kanta ta sa aka bi diddigin abin. Cibiyar bincike ta Mathematica ta bi yara sama da 2,000 na tsawon shekaru, wasu sun shiga shirin, wasu ba su shiga ba, ta fitar da sakamako a 2007. Babu bambanci. Kusan rabin kowane ɓangare sun kame, kusan rabi ba su kame ba, kuma waɗanda suka fara ɗin a shekaru ɗaya suka fara, wajen 15. Miliyoyin daloli, sai ka ce an zuba ruwa a kwando. Tun kafin nan ma, a 2004, ɗan majalisa Henry Waxman ya sa aka duba manhajoji 13 da ake koyarwa da kuɗin gwamnati, aka tarar 11 na ɗauke da bayanan ƙarya ko masu ɓatarwa. Har da wadda ta koya wa yara cewa ana ɗaukar cutar ƙanjamau ta gumi da hawaye. Ku dubi Allah. Ranar da yaron ya gano cewa wannan ƙarya ce, me zai sa ya yarda da sauran abin da malamin ya faɗa masa?

Na san abin da za ku rubuto a ƙasa, don haka bari in rage muku wahalar yatsa. Za ku ce ai ga shi ita ma ta yarda kamewa ba ta aiki. A'a, ban ce haka ba. A 2010, John Jemmott na Jami'ar Pensilbaniya da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da yara 662, 'yan wajen shekara 12. Wasu an ba su darasin kamewa na awa 8, wasu darasin kiwon lafiya kawai wanda bai taɓo maganar ba. Bayan shekara 2, kusan ɗaya cikin uku na masu darasin kamewa ne suka fara jima'i, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan rabi. Ya yi aiki. Amma ku tambayi yadda aka koyar. An faɗa wa yaran gaskiyar yadda ciki ke shiga da yadda cuta ke yaɗuwa, an sa su sun yi ta gwada yadda za su ce a'a idan aka matsa musu, in suka yi tambaya aka amsa musu daidai, ba a tsorata su da ƙarya ba. Wato kamewar ma sai da ilimi take kamuwa. Abin da malamarmu ta fara yi ke nan kuka ce a kore ta.

Sai masu cewa aikin iyaye ne. Madalla, na yarda. To ku yi mana! A taron nan na tambaya, iyaye mata nawa ne a nan suka zaunar da 'ya'yansu suka yi musu bayanin al'ada kafin ta zo? Aka yi tsit, kowa ya duƙar da kai yana latsa waya. Ni ma ban ɗaga hannu ba, ban da bakin ɗagawa. Iyaye maza kuwa ba a ma magana, wane uba ne a cikinku ya taɓa kiran ɗansa ya yi masa bayanin mafarkin balaga? Aikin iyaye ne, iyaye ba sa yi, makaranta kuma an ɗaure mata baki. To aikin wa ya zama? Na wayar yayan ƙawa.

Masu cewa ajandar Turawa ce kuwa, dariya suke ba ni. Wane Bature ne ya saka babin haila da babin wankan janaba a littattafan fiƙihu na farko-farko da ake karantar da yara? Ummu Sulaim ta zo gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya, ta tambaya ko wanka ya wajaba a kan mace idan ta yi mafarki, aka amsa mata. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Ku kuma kun zo da wata kunya da ta fi ta sahabbai. Allah ya ba ku haƙuri.

Sai na ƙarshensu, masu cewa in ka koya musu za su je su gwada. Hukumar UNESCO ta tattara nazarce-nazarce masu yawa daga ƙasashe daban-daban a jagorar da ta fitar a 2009, ta sabunta a 2018, abin da ta samu shi ne koyar da wannan ilimi a makaranta ba ya sa yara su fara da wuri, a wurare da dama ma jinkirtawa yake sa su yi. Ba sai kun yarda da duk abin da ke cikin jagorar ba, ni ma akwai shafukan da ba zan so a karanta wa 'yata ba. Amma wannan tsoron dai ba shi da tushe. Darasin yadda wuta ke ƙonewa bai taɓa sa yaro ya cinna wa gidansu wuta ba.

Ni abin da ya fi ƙona min rai, ba a ma rubuta ƙa'idar ba yadda mutum zai riƙe a hannu. Kalma ɗaya ce, kamewa, kowa ya fassara yadda ya ga dama. Shugaban makaranta ya fassara ta da "kar a jawo min fitina". Malamin kimiyya ya fassara ta da tsallake babin haihuwa, ya ce su karanta a gida, ya kuma saka shi a jarabawa. Malamar da ta ga yarinya na kuka ta fassara ta da tausayi, ta kwana a ciki. In dai da gaske ake yi, a rubuta mana a takarda: a aji kaza ga abin da za a faɗa, ga wanda zai faɗa, an horar da shi, mata da malama, maza da malami in haka aka zaɓa, ga littafin, iyaye su zo su duba shafi-shafi. A Ingila, tun daga Satumbar 2020, doka ta wajabta wa kowace makaranta ta rubuta manufarta a kan wannan darasi, ta tuntuɓi iyaye, kuma uba ko uwa na da damar cire ɗansu daga ɓangaren ilimin jima'i har zuwa zango 3 kafin ya cika shekara 16. Amma ba su da damar cire shi daga darasin kimiyya da ke bayanin balaga da haihuwa. Kun ga an raba. Abin da ya shafi ɗabi'a da aƙida, iyaye na da ta cewa. Abin da ya shafi jikin da Allah ya halitta wa yaro, ba a ɓoye masa.

Ba wai ƙa'ida a rubuce ba ta zama abin dariya ba ne. Jihar Misisipi ta Amurka ta yi doka a 2011 da ta ce kowace gunduma ta zaɓi ɗaya, ko kamewa kaɗai ko kamewa da ɗan ƙari, a raba maza da mata, sai iyaye sun sa hannu, kuma haramun ne a nuna yadda ake amfani da kwaroron roba a aji. Sai wani mai koyarwa ya yi bidiyo yana nuna yadda ake saka safa a ƙafa kafin a saka takalmi, a tsanake, mataki-mataki. Duniya ta yi ta dariya. Amma ko wannan dokar ta fi tamu, domin aƙalla malami ya san inda iyakar take kafin ya buɗe baki. Tamu kuwa sai ka taka sannan a ce maka ai nan ne layin.

Bari in sauke murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara ana samun ciki kusan miliyan 21 a tsakanin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kuma kusan rabi ba a shirya musu ba. Kowace ɗaya 'yar wani ce. Kuma sanannen abu ne cewa yawancin yaran da ake ci wa zarafi, wanda suka sani ne yake yi, ba baƙo daga jeji ba. Yarinyar da aka koya mata cewa duk maganar da ta shafi jikinta ƙazanta ce, ranar da wani ya taɓa ta, wa za ta faɗa wa? Da wace kalma? Ta riga ta ga abin da ya sami babbar mace, malama guda, don kawai ta ambaci haila. Darasin da yaran ajin nan suka ɗauka a makon nan ke nan, kuma ku kuka koyar da shi: in abu ya same ki, ki yi shiru.

Daren nan na zaunar da 'yata. Na yi ta in-ina, na fara daga nesa, na dawo, ita ce ma ta taimake ni da tambayoyi. Mun kai wajen ƙarfe 11. Da za ta tashi ta ce, "Umma, Malama za ta dawo?" Na ce in sha Allah, ban kuma san ko gaskiya na faɗa mata ba.

Kafin in manta, tunda duk kun zama masu kishin mutuncin 'yan mata. Banɗakin mata na makarantar nan wata nawa ke nan ba ƙofa? Ƙyauren na nan jingine da bango, na gani da idona, yara na riƙe wa juna zani su yi labule. Babu ruwa, babu inda za a jefa auduga. Sau uku ina sa maganar a guruf, ko mutum ɗaya bai tanka ba, sai wani da ya turo hoton fure da "barka da safiya". Kuma wanda ya cire ni daga admin jiya da daddare, na gani, Baban Walid, sunanka ya fito ɓaro-ɓaro. Kuɗin gyaran ƙofar da muka tara tun zangon farko yana hannun wa?