Saƙon muryar da na tura ƙarfe ɗayan dare

Ni fa ban taɓa sanin bakina ne babban maƙiyina ba sai a 2019. Lokacin da Man United ta sallami kocinta Mourinho a Disamban 2018 muna na shida a teburin Firimiya da maki 26, aka kawo Solskjaer riƙon ƙwarya, wasansa na farko ya je gidan Cardiff ya zazzaga musu 5-1, daga nan ya ci wasa takwas a jere, ni kuwa kaina ya fara kumbura, ko gaisuwa aka min sai na ce lafiya lau, koci ya gyara ƙungiya.

Daren PSG a gasar Zakarun Turai ne ya ƙarasa ni. Sun ci mu 2-0 a gida kowa ya gama mana jana'iza, sai ga 3-1 a Faris, Rashford ya buga fenariti ana dab da tashi. Wallahi ban san sanda na danna rikodin a gurup ɗinmu na WhatsApp ba, minti huɗu cur ina surutu muryata har ta dishe, na ce duk wanda bai yarda mutumin nan ya gyara ƙungiya ba bai san ƙwallo ba, kuma in ba mu ƙare a huɗun farko na Firimiya ba ni da kaina zan sa rigar Liverpool in ɗora hoton a furofayil sati guda. Ba wanda ya nemi alƙawarin nan fa, ni na kawo kayana.

Akwai wani mutumina ɗan Liverpool a gurup ɗin, bai ce uffan ba, babban yatsa kawai ya turo. Ashe adanawa ya yi.

Ƙarshen Maris aka ba koci kwantiragin dindindin, kamar jira ƴan wasan suke. Barcelona ta yi waje da mu, Everton ta mana 4-0, muka yi 1-1 da Huddersfield da ta riga ta faɗa ƙaramar gasa, ranar ƙarshe kuma Cardiff ɗin nan dai da muka fara da ita, ita ma ta faɗa, ta zo har Old Trafford ta ci 2-0.

Ana tashi sai ga mutumin: "Malam, a na nawa ya same ku?" Na ce na shida. "A na nawa kuka ƙare?" Na yi kamar data ta ƙare.

Washegari na dawo da lissafina, don gaskiya ina da hujja. Solskjaer ya zo tazarar mu da na huɗu maki 11 ce, aka ƙare tana 5, ya tara maki 40 a wasa 21 alhali Mourinho 26 ya samu a wasa 17, in wannan ba ci gaba ba ne mene ne? Na rubuta wannan duka har da kalkuleta. Bai musa ko ɗaya ba, muryata kawai ya sake turowa, daidai wajen da nake ihu "huɗun farko ko rigar Liverpool".

Shi ya ara min rigar, ta min yawa kuma. Sharrin bai tsaya nan ba, ya ce sai ranar 1 ga Yuni zan ɗora hoton, na yarda ban yi tunani ba, ranar da suka doke Tottenham suka ɗau kofin Zakarun Turai kenan. Yayana har kira ya yi yana min murna, wai dama ya san wata rana zan shiryu.